Rage garin kifi a abincin tarwada: ina waken suya da ƙuli za su tsaya, kuma me suke yi wa ruwa?

Mai Tarwada, Hotoro

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu kiwo, shawara nake nema a kan haɗa wa tarwada abinci a gida. Tankunan siminti huɗu ne, kowanne yana cin lita 8,000 na ruwan burtsatse, kifi 600 a cikin kowanne, yanzu suna tsakanin giram 200 da 250. Garin kifi ya yi tsadar da ba ta barin riba, mai arahar kuma rabinsa yashi ne da ƙaya. Haɗin da nake da niyyar komawa a kilo 100 shi ne soyayyen waken suya kilo 40, ƙuli 25, masara 20, dusar shinkafa 12, ragowar kilo 3 kuma garin ƙashi da gishiri da firimis, wato haɗin bitamin da ma'adinai. Garin kifi ko cokali babu.

Abu biyu nake son sani. Na farko, tarwada za ta girma da wannan yadda ya kamata? Na biyu, wasu na cewa abincin da aka haɗa da kayan gona ya fi saurin ɓata ruwa da kawo wari, wasu kuma na cewa shi ne mai sauƙi ga muhalli tunda ba a kwashe kifin teku don yin sa ba. Ruwan da nake saki lambatun unguwa yake bi, kuma ba na so in zama silar cutar da maƙwabta. Wanne ne gaskiya a ciki?

Mai Haɗa Abinci, Sharaɗa

Wa alaikumus salam. Malam, dakata da niƙa wannan haɗin tukuna, mu yi lissafinsa tare. Waken suyar da ba a matse mansa ba furotin ɗinsa wajen kashi 38 cikin 100 ne, kilo 40 zai ba ka kilo 15. Ƙuli mai kyau kashi 45, kilo 25 zai ba da 11. Masara da dusar shinkafa in an haɗa su da ƙyar su ƙara 3. Ka tashi da kashi 30 ke nan, alhali tarwada mai wannan girman tana son 35 zuwa 40. Mai kuma ya yi yawa, ya doshi kashi 12, saboda waken kaɗai kusan kashi ɗaya bisa biyar ɗinsa mai ne. Kifin zai tara kitse a ciki, nama bai ƙaru ba.

Ƙarancin furotin ma ba shi ne babbar matsalar ba. Furotin haɗin sinadarai ne, kuma biyu daga cikinsu, laisin da metiyonin, su ne suka fi ƙaranci a kayan gona. Waken suya yana da laisin daidai gwargwado amma metiyonin kaɗan ne, ƙulin gyaɗa kuwa duka biyun ya gaza. A haɗinka laisin bai wuce kashi 1.4 ba, ana son wajen 2. Metiyonin kashi 0.4, ana son ya kusanci 1. Idan ɗaya ya ƙare, jikin kifin ba ya iya gina nama da sauran, sai ya ƙona su kamar abincin ƙarfi ya fitar da ragowar a matsayin amoniya. Ka ga inda tambayarka ta farko ta haɗu da ta biyu.

Ga haɗin da ya fi dacewa da kifin da ya haura giram 150, a kilo 100, na abinci mai nutsewa: garin kifi mai furotin kashi 65 kilo 15, ƙulin waken suya na masana'anta kilo 35, ƙulin gyaɗa 12, ƙulin riɗi 8, masara 14, dusar alkama 5, garin rogo 5, mai 3, MCP (sinadarin fosfaras da kalsiyam) kilo 1.5, firimis na kifi giram 500, metiyonin giram 300, gishiri giram 300, laisin giram 200, bitamin C giram 100, maganin hana fumfuna giram 100. Wannan yana ba da furotin kashi 36 zuwa 37. Riɗin an sa shi ne don ya fi sauran metiyonin. Idan bai samu ba, ka mayar da kilo 8 ɗin ga waken suya ka ƙara metiyonin zuwa giram 350.

Kilo 15 na garin kifin nan yana yin aikin da waken ba ya yi: ƙamshinsa ne ke jawo tarwada ta kama abinci da sauri, kuma ma'adinan da ke cikinsa jikinta na ɗauka ba wahala. Ana iya saukar da shi zuwa 10 idan kifi ya wuce giram 500. 'Ya'yan kifi da ba su kai giram 50 ba kuwa, kada a gwada musu wannan, a bar su a kan abincin kamfani mai kashi 42 zuwa 45.

Idan wake za ka sarrafa da kanka, a nan ake yawan yin ɓarna. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke tare aikin narkar da furotin a hanji, zafi ne kawai ke kashe shi. Ko dai ka dafa a tafasasshen ruwa minti 25 zuwa 30 ka shanya ya bushe ƙayau, ko ka soya a wuta matsakaiciya kana juyawa ba tsayawa wajen minti 20. Ka fasa ƙwaya ka duba cikinta: idan fari ne kuma ka tauna ka ji ɗanyen wake, bai yi ba, idan ya yi ja-ja mai haske, ya yi, idan ya yi duhu, ka ƙona laisin ɗin da kake nema. Suyar babban kasko takan bar wasu ɗanye wasu ƙonannu, shi ya sa dafuwa ta fi tabbas. Kuma in da wannan waken ka yi haɗin, ka cire man da na rubuta gaba ɗaya.

Niƙa ta yi laushi, rariyar injin kada ta wuce milimita 1. Garin da ya fita da tsaki-tsaki ta bayan kifi yake wucewa yadda ya shiga. Ƙananan kayan, wato firimis da laisin da sauransu, ka fara cuɗa su a cikin kilo 2 na garin masara kafin ka zuba a babban haɗi. Garin rogo a dama shi da ruwan zafi ya yi koko, shi ne zai riƙe ƙwayar. Girman ƙwaya milimita 4 yanzu, 6 idan sun kai giram 400. Sauyin abinci kuma a hankali, kwana 8 zuwa 10: rubu'i, rabi, kashi uku bisa huɗu, sannan duka.

Injiniyan Ruwa, Kabuga

Alhaji Mai Haɗa Abinci ya gama da ɓangaren ciki, bari in ɗauki abin da ke fita ta bututu. Malam Mai Tarwada, maganganun biyu da ka ji duk suna da gaskiya, abin da ke raba su shi ne kilo nawa na abinci kifin ya ci kafin ya ƙara kilo ɗaya, abin da masu kiwo ke kira FCR.

Kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne. A ce haɗin Alhaji ya ba ka kilo ɗaya na kifi daga kilo 1.3 na abinci. Don samun tan ɗaya ka zuba kilo 1,300, cikinsa akwai naitirojin kilo 77. Tan ɗaya na tarwada yana riƙe wajen kilo 26 a jikinsa. Kilo 51 ya bi ruwa. Yanzu a ce naka haɗin ya kai kilo 2 kafin a sami kilo ɗaya, abin da ba baƙo ba ne ga abincin da laisin da metiyonin suka gaza: kilo 2,000 mai furotin kashi 30 yana ɗauke da naitirojin kilo 96, kifi ya riƙe 26, kilo 70 ya fita. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin ɗinsa kilo 23 ne. Wato na farko buhu biyu da ɗoriya ya zuba a lambatu, na biyu buhu uku, a kan kowane tan na kifi. Kai kuma daga nan zuwa lokacin da kifinka zai kai kilo ɗaya-ɗaya, kusan tan biyu za su ƙara.

Sai fosfaras. Kusan kashi biyu bisa uku na fosfaras ɗin da ke cikin wake da gyaɗa da dusa a ɗaure yake a wani sinadari mai suna faitet, kifi ba ya iya kwance shi. Yana fita a kashi. Ga shi kuma dole a ƙara MCP ko garin ƙashi don kifin ya sami nasa, in ba haka ba ƙashinsa ya yi laushi, girma ya tsaya. A ruwan daɗi fosfaras ne ya fi rura gansakuka. Ruwa ya yi kore shar, da rana iska ta yi yawa, da asuba ta ƙare, ƙananan kifi da sauran halittu su mutu. Duk wanda ya san kududdufan cikin gari ya san wannan launin. Kogin Jakara da ke kwashe ruwan birnin Kano ya kai dam ɗin Wasai tuni kayan da yake ɗauke da su sun yi masa yawa, ga masu lambu suna ban ruwa da shi a hanya.

Wari kuwa daga ƙasan tanki yake tasowa. Dusa da ɓawon wake suna da harza da tarwada ba ta narkarwa, hanjinta gajere ne. Kashin yana fita da yawa, sako-sako, ya watse a ruwa maimakon ya kwanta. Ƙwayar abincin da ba ta riƙu ba ita ma ta narke kafin a ci. Gwaji mai sauƙi: jefa ƙwaya goma a kofin gilashi mai ruwa. Idan sun wargaje kafin minti 15, rogon bai isa ba ko bai dahu ba.

A tankinka akwai kifi wajen kilo 135, suna cin kimanin kilo 3.4 a rana. Kowane kilo na abinci yana sakin amoniya giram 30 zuwa 35, wato a lita 8,000 tana hawa da miligiram 13 zuwa 15 a kowace lita kullum idan ba a sauya ruwa ba. Ɓangarenta mai guba ya danganta da zafi da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. A zafin digiri 28, idan pH 7 ne bai kai kashi 1 ba, a pH 8 ya kusa kashi 7, a pH 9 ya kai wajen 40. Shi ya sa a watan Afrilu da Mayu, tankin da ya yi kore kuma rana ke dukansa yakan yi kisa da la'asar, domin gansakuka na ɗaga pH da rana. Tarwada tana da juriya tunda tana shaƙar iska a sama, amma za ka ga ta tsaya a tsaye gemu a waje ta ƙi abinci.

Abin yi. Kowace safiya kafin ciyarwa, buɗe bututun ƙasa na minti ɗaya ko biyu. Lita 200 zuwa 300 na farko su ne baƙaƙe masu kauri, mafi yawan dattin a cikinsu yake, kada su shiga lambatu. Gina rami na siminti mita 2 da mita 2, zurfin mita 1, zai ɗauki lita 4,000, rabin tanki guda ke nan. Ruwa ya kwanta a ciki aƙalla awa ɗaya, a zare na sama ta bututun da ke santimita 30 daga ƙasa, laka kuma a kwashe ta duk mako a gauraya da ƙaiƙayi ko busasshen ganye ta zama taki. Kada ruwa ya wuce kwana uku a ramin saboda sauro. Ramin kuma ya yi nisan mita 30 da kowace rijiya mai gajeren zurfi in fili ya ba da dama, don naitiret, abin da amoniya ke rikiɗewa ta zama, na bin ƙasa, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha miligiram 50 ne a lita.

Kwantar da ruwa laka kawai yake cirewa, amoniyar da ta narke tana nan. Shuka ce ke shanye ta. Ko kwami goma na alayyafo da kuɓewa, da layin zogale da ayaba a jikin katanga, za su rage abin da ke fita sosai. Ruwan da aka zuba wa gishiri mai yawa ko maganin ƙwayoyin cuta shi ne kada a kai wa shuka.

Mai Tarwada, Hotoro

Allah ya saka da alheri, Alhaji da Injiniya. Lissafin buhunan yuriyar ya ishe ni hujja, zan gina ramin kafin in sauya abinci. Saura abu biyu. Ƙulin gyaɗa ya fi na waken suya sauƙin samu a nan, me ya sa aka tsayar da shi a kilo 12? Sannan wannan faitet ɗin, babu dabarar kwance shi don kifi ya amfana, ruwa ma ya huta?

Hajiya Mai Kiwo, Kumbotso

Ƙanena, na ƙuli bari in amsa maka. Ba ƙarancin laisin kaɗai ya sa ake taƙaita shi ba, akwai guba. Gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, ko suka kwana a ƙasa mai danshi, fumfuna na kama su ta bar gubar afulatoksin. Suya ba ta kashe ta, dafuwa ba ta kashe ta, zafin inji ma haka. Kuma gyaɗar da aka tsince mai kyau aka kai kasuwa, ragowar mai baƙi da mai huji sau da yawa ita ake matsewa. Iyakar da aka saba bi a abincin dabbobi maikirogiram 20 ne a kilo ɗaya, abin da ido ba ya gani. Alamarta a kifi ba ta zuwa da gaggawa: girma ya ja baya, mutuwa ɗaya-ɗaya kullum, in ka fede ka ga hanta ta koɗe ta kumbura tana farfashewa a hannu. Mutum ya yi ta sayen magani alhali cutar a cikin buhu take.

Ƙulin da ake ci a kasuwa kuma ba na kifi ba ne. An soya shi a mai, akwai gishiri, wani da yaji ko sukari. Tunkuza da ba a soya ba ko ƙulin masana'antar mai za ka nema. Ka karya ka shinshina, in ka ji warin ɗaki mai danshi ko ka ga ƙura kore-kore, bar shi ko nawa aka rage. Idan da hali ka sayi gyaɗa da masarar manoman da ke zuba Aflasafe, maganin rage afulatoksin, a gona. Sinadarin kama guba da ake sayarwa a shagunan kayan kaji, giram 100 zuwa 200 a kilo 100, yana rage illa amma ba ya mayar da ruɓaɓɓen ƙuli mai kyau.

Dusar shinkafa kilo 12 da ka rubuta, ita ma a kula. Masu casa da yawa suna niƙa ƙaiƙayi a ciki. Murza a tafin hannu, in tana suka to ƙaiƙayi ne, shi kuma kashi kawai yake ƙarawa a tanki. Mai kyau ɗin ma tana da mai, cikin 'yan makonni takan yi ɗaci. Ƙulin angurya kada ya wuce kilo 10, kuma kada ya kusanci iyayen da ake ɗibar ƙwai a jikinsu, saboda gosifol, gubar da ke cikin angurya.

A wuri ɗaya na saɓa da Alhaji. Ya ce garin kifi mai kashi 65, amma abin da ke yawo a kasuwa da yawa bai kai 50 ba. Zuba cokali biyu a kofin ruwa ka motsa, yashi zai kwanta a ƙasa ka gan shi. Wani kuma yuriya ake zuba masa don in an kai gwaji ya nuna furotin mai yawa, tunda naitirojin ake aunawa. In ba ka da tabbacin gari, gara ka sayi busassun ƙananan kifi da ɓurɓushin banda ka tsince ka niƙa da kanka, ka sa kilo 18 zuwa 20 a madadin 15, ka rage gishirin haɗin.

Sayen wake da masara a Dawanau ya fi daga Nuwamba zuwa Janairu, an girbe kuma iska ta bushe. Don gane bushewa, zuba hatsi a busasshiyar kwalba da cokalin busasshen gishiri ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a sake shanyawa. Abincin da ka haɗa ya bushe har ƙwaya ta karye ƙas, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Da hunturu yakan kai mako shida. A watan Agusta kada ka haɗa fiye da na mako biyu.

Malamin Kiwon Kifi

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan garin kifin kasuwa. Zan ƙara a kan maganar teku, don ba zancen banza ba ne. Ana buƙatar ɗanyen kifi kilo 4 zuwa 5 kafin a sami kilo ɗaya na gari. Abinci mai garin kifi kashi 30, a FCR 1.2, yana cin gari kilo 360 a kan tan ɗaya na tarwada, wato ɗanyen kifi fiye da tan ɗaya da rabi. Haɗin Alhaji yana cin kilo 195, ɗanyen kifi ƙasa da kilo 900. Ragin ya kusa rabi.

Ƙasar Peru ce kan gaba wajen yin garin, daga wani ƙaramin kifi da ke gaɓar tekunta. A 2023 ɗumamar ruwan teku ta El Niño ta sa aka soke kakar kamun farko a babban yankin kamunsu, farashi ya tashi a duniya. Kusa da mu kuma, masana'antun da ke Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙa sadinela da bonga, kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci kai tsaye. Wannan shi ne abin da ya fi damuna: a ɗauke kifi mai araha daga tukunyar mai ƙaramin ƙarfi a ciyar da kifin da ba zai iya saya ba. Garin da aka yi da kai da ƙaya da kayan ciki, ragowar masana'antun sarrafa kifi, ba shi da wannan illar, kuma yanzu ya kai wajen kashi ɗaya bisa uku na garin kifin duniya.

Waken suya ma ba daga sama yake faɗowa ba. A Burazil an share daji mai yawa don nomansa, har aka yi yarjejeniyar 2006 ta daina sayen waken da aka noma a sabon sharar dajin Amazon, amma dajin Cerrado bai shiga ciki ba. Namu na Binuwai da Kaduna da kudancin Kano, wajen Doguwa da Tudun Wada, lamarinsa daban: yana ƙara wa ƙasa naitirojin, kuma juya shi da masara yana rage wuta-wuta. Duk da haka fili yake ci. Tan ɗaya na tarwada a haɗin nan yana buƙatar ƙulin wake kilo 455, wato ɗanyen wake wajen kilo 570, ɗan fiye da rabin hekta a yadda gonakinmu ke bayar da tan ɗaya a hekta. Waken nan kuma shi mai awara ke nema, shi mai kaji ke nema. Duk kilon da ya bi bututu bai zama nama ba, an yi asarar gonar da ta noma shi, ga man janareto da ruwan burtsatsen da za a ƙara ja don wanke tanki, a garin da rijiyoyi ke ja baya tun daga Maris.

Wanda yake son kiwo ba tare da garin kifi ko kaɗan ba, karfasa ce kifinsa. Hanjinta dogo ne, tana girma da furotin kashi 28 zuwa 32 na tsirrai zalla in an ƙara metiyonin. Sai dai ba ta shaƙar iska a sama, tana son injin hura iska ko babban tafki, kuma sanyin Disamba da Janairu yana takura ta. Tana cin Lemna ɗanye, ɗan mitsitsin ganyen nan da ke shimfiɗuwa a saman ruwa, wanda ba kainuwa ba ne. Idan aka shuka shi a ruwan da ya fito daga ramin Injiniya, yana ninka kansa cikin kwana 2 zuwa 4, busasshensa furotin kashi 25 zuwa 35. Tarwada kuwa kada ya wuce kashi 10 na abincinta, haka garin zogale. Kuma kada a kwaso irinsa daga Getsi ko Challawa, inda ruwan masana'antu da na majema ke shiga, domin yana tara ƙarfe mai guba a jikinsa.

Masu keji a dam kamar Tiga su ne ya kamata su fi kowa tsanantawa, tunda ba su da bututu balle rami, komai a cikin ruwan jama'a yake sauka.

Mai Haɗa Abinci, Sharaɗa

Hajiya, na karɓi gyaranki, kilo 15 ɗin na garin da aka tabbatar ne. Malam Mai Tarwada, dabarar kwance faitet tana nan, sunanta faitas, ana samunta a wurin masu kayan abincin kaji. Ana son awo 500 zuwa 1,000 a kowane kilo na abinci. Idan an rubuta 5,000 a giram a jikin leda, giram 10 zuwa 20 ya ishi kilo 100. Tana aiki a tarwada saboda cikinta yana da tsami. Da ita za ka iya saukar da MCP daga kilo 1.5 zuwa kilo 1, sannan zinki da ƙarfen jini da faitet ke riƙewa su ma su saku.

Zafi ne abokin gabarta. Da ya haura digiri 80 ta mutu. A haɗin gida, bari kokon rogo ya huce har ka iya sa hannu kafin ka zuba a garin da ke da faitas da bitamin. Idan injin ekstiruda za ka kai don abinci mai tasowa saman ruwa, zafinsa ya wuce digiri 100, don haka sai dai a sami ta ruwa a fesa bayan ƙwaya ta huce, sannan a bi da mai. A wannan halin sitaci ma sai ya kai kashi 20 kafin ƙwaya ta taso: masara ta koma 20, rogo 7, a cire dusar alkama, a rage ƙulin gyaɗa zuwa 9. Mai tasowa ya fi tsada saboda dizal, amma kana ganin abin da aka ci, kuma dahuwar tana ƙara narkewa. Da mai nutsewa, ciyar a kusurwa ɗaya, kaɗan-kaɗan, da zarar ruwan ya daina tafasa da kifi ka tsaya ko da saura a roba.

Kada ka sauya wa tankuna huɗu lokaci guda. Ware biyu masu kifi kai ɗaya, guda a kan abincin da suke ci yanzu, guda a kan sabon. Auna kifi 30 daga kowanne a ranar farko, sannan duk mako biyu, da safe kafin ciyarwa. Rubuta kilon abincin kowace rana da duk wanda ya mutu. Bayan mako shida, raba abincin da aka ci da nauyin da aka ƙara, sannan ka ninka da kuɗin kilo ɗaya na abincin, nan za ka ga nawa kilon kifi ya tsaya maka a kowane tanki. Ka riƙa ɗibar lita ɗaya na ruwan farko daga bututun kowanne a gorar roba, ka ajiye awa ɗaya ka auna tsawon lakar da ta kwanta. Idan FCR na sabon ya haura 1.6, ko lakarsa ta ninka ta ɗayan, fara duba laushin niƙa da dahuwar wake kafin ka taɓa haɗin.

Kada gwajin ya faɗa tsakiyar hunturu. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 22 tarwada tana rage ci kuma narkarwa na ja baya, lissafin zai ba ka amsar da ba ta abincin ba ce. A irin kwanakin, rufe tanki da leda da daddare, ka ɗage ciyarwar safe zuwa ƙarfe 10 ko 11, ka rage adadin da kashi ɗaya bisa uku har ruwa ya koma digiri 25.